WAƘA A BAKIN WANDA BA MAI ITA BA: Sharhi A Kan Waƙoƙin 'Yan Bibbiyu

Gabatarwa

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan karin magana ya daɗe ana faɗinsa, ban kuwa taɓa jin wanda ya tsaya musunsa ba. Amma duk wanda ya zauna ƙasarmu ta Jega da Aliero da Maiyama a 'yan shekarun nan, ya halarci bukin aure, ko ya ratsa tashar mota ran kasuwa, zai shaida cewa waƙoƙin da suka fi yawo yanzu a bakin waɗanda ba masu su ba suke. Yaro mai tallar rake yana rera su, tela yana bin su da kekensa, masu ɗurar albasa a buhu suna karɓa wa juna. Ko ƙauyuka irin namu Gumbin Kure ba su tsira ba, gama duk inda wayar hannu ta shiga, to, waƙar ta riga ta sauka. Galibin waɗannan waƙoƙi kuwa na 'yan bibbiyu ne, watau waɗanda mutum biyu ke yi, ko dai namiji da mace suna karɓeɓeniya, ko kuwa abokai biyu da suka haɗa ƙarfi suka zama ƙungiya guda.

Nufina a wannan ɗan sharhi shi ne in duba dalilin da ya sa waɗannan waƙoƙi ke da sauƙin ara, da abin da muka samu cikin aron, da kuma abin da muke biya. Bari in faɗi ra'ayina tun yanzu, domin mai karatu ya san inda na dosa. Sauƙin aron ba aibi ba ne, gama waƙar Hausa ta daɗe da sanin aro. Inda aibin yake shi ne ba a bar wa mai aron gurbin da zai sa nasa ba. Domin maganar ta fito sosai zan fara da wata ƙasa mai nisa, watau Japan, inda aka mai da rera waƙar wani sana'a mai injinta na kanta, sa'an nan mu komo gida.

Fankon Kiɗa

Japanawa na da wata al'ada da suke kira karawoke. Kalmar haɗin kalmomi biyu ce, ta farko tana nufin wofi, ta biyu kuwa guntun kalmar Turawa ce mai nufin taron makaɗa. In za mu ba ta suna da Hausa sai mu ce fankon kiɗa, kamar yadda mukan ce fankon ashana in an zazzage tsinkayen. Akan ɗauki waƙa a zare muryar mai ita, a bar kiɗan kaɗai, sa'an nan a miƙa wa duk mai so makirfo ya cike gurbin. Cikin waɗanda suka fara ƙera akwatin yin haka akwai Shigeichi Negishi a 1967, da kuma wani makaɗi na birnin Kobe mai suna Daisuke Inoue a 1971. Shi Inoue sana'arsa ita ce yi wa 'yan kasuwa kiɗa a gidajen shaƙatawa, su kuwa suna rerawa. Da ya ga ba zai iya bin kowa ba, sai ya ƙera akwatin da za a jefa wa kuɗi ya saki kiɗa. Bai yi wa ƙirar tasa rajista ba, saboda haka wasu ne suka kwashi mafi yawan ribar. Daga tsakiyar shekarun 1980 aka shiga keɓe 'yan ɗakunan haya, inda abokai ko iyali za su kulle kansu su yi ta rerawa, kalmomin waƙar suna fitowa a allon talabijin, launinsu yana sauyawa daidai inda ya kamata a furta su. Injunan baya-bayan nan har maki suke ba mai rerawa, gwargwadon yadda ya bi sawun asalin waƙar bai kauce ba.

Waƙoƙin 'yan bibbiyu suna da babban rabo a wannan kasuwa. Alal misali akwai wasu 'yan mata biyu, Mie da Kei, da aka sani da sunan Pink Lady. Sun fito a 1976, suka watse a 1981, ko da yake sun sha sake haɗuwa daga baya. Ba su ke tsara waƙoƙinsu ba. Wani marubuci, Yu Aku, shi ke rubuta kalmomin, Shunichi Tokura kuma ya ɗora kiɗa. Waƙarsu mai suna "UFO" ta fito a 1977, ta ci babbar kyautar faifai ta ƙasar a 1978. Kowace waƙa tasu da irin rawarta, yaran makaranta kuwa suka haddace rawar da waƙar gaba ɗaya, ɗaya ta zama Mie ɗaya ta zama Kei. Darasin da ke nan shi ne, waƙar mutum biyu mutum biyu take kira, kuma tun wajen ƙira an yi ta ne yadda za a iya kwaikwayonta.

Yadda Abin Ya Iso Mana

Mu dai ɗakin hayar rera waƙa bai zama al'adarmu ba, amma fankon kiɗa ya iso mana ta wata hanya, watau ta Indiya. Tun wajen shekarun 1950 da 1960 Kwarori masu gidajen silima a Kano da sauran biranen Arewa suka shiga nuna finafinan Indiya. A waɗannan finafinai, kamar yadda muka sani, ba ɗan wasan da muke gani ke yin waƙar ba. Muryar irin su Muhammad Rafi ce ko Kishore Kumar ko Lata Mangeshkar, shi ɗan wasa motsa baki kawai yake yi. Samarinmu da ba su jin Indiyanci suka riƙa bin karin, suna cusa masa kalmomin Hausa da suka yi kama da abin da kunnensu ya ji. Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge suka ɗauki karin Indiya suka ɗora a kan goge. Daga baya wasu ƙungiyoyin masu bandiri a Kano, kamar wadda ake kira Ushaƙu Indiya, suka riƙa zare kalmomin waƙar fim suna sa na bege a gurbinsu.

Da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama, tun daga "Turmin Danya" na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sai wannan ɗabi'a ta sami gida. Fiyano ƙirar Yamaha ta shigo ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, mutum guda ya zama shi ne mai kalangu, shi ne mai sarewa, shi ne mai goge. Fim ɗin "Sangaya" na 1999, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, shi ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙar saurayi da budurwa ita ke sai da kaset. Aka sami mawaƙan bayan fage irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim da Sadi Sidi Sharifai da Fati Nijar da Maryam A. Baba, daga baya kuma su Nura M. Inuwa da Umar M. Sharif. Aka kuma sami abokai biyu, Sani Danja da Yakubu Muhammad, da suka haɗu a ƙarƙashin sunan 2 Effects, Yakubu ya fi shahara wajen rubuta waƙa da rera ta, Sani kuwa wajen rawa da fitowa a fim. Motsa bakin da 'yan wasa ke yi aka sa masa suna mamin, waƙoƙin kuma aka kira su nanaye, aka aro sunan daga amshin 'yan mata na dandali.

Ashe ke nan kafin waƙar ta iso bakin yaronmu na Jega ta riga ta ratsa aro hawa biyu ko uku. Sau da yawa an aro karin daga Indiya, ɗan wasa ya aro murya daga mawaƙi, masu rawar gala sun aro motsi daga ɗan wasa, sa'an nan yaron ya aro duka daga wayarsa. A yau kuwa manhajoji irin su TikTok sun mai da mamin aikin kowa. Ba mu manta ba yadda a 2020, lokacin kullen annobar korona, waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta sa matan aure suka riƙa ɗaukar kansu suna bin ta da rawa gaban mazansu, har abin ya jawo muhawara mai zafi.

Abin Da Ya Sa Suke Da Sauƙin Ara

In mun feɗe waɗannan waƙoƙi za mu ga abubuwa huɗu da suka sa kowa ke iya shiga cikinsu.

Na farko shi ne dangantakar kiɗa da murya. A waƙar baka ta gargajiya kiɗa ke bin jagora. In ya ja, makaɗa su ja, in ya tsaya zai yi wa wani kirari su saurara masa, in ya ga an yi kari ya ƙara zafi su bi shi. Kalangu da kotso kuwa magana suke yi, suna da abin da suke faɗa a cikin waƙar. A waƙar fiyano abin ya juye. An riga an ɗaure kiɗan, yana zagayawa yana komowa wuri guda, mawaƙi ne ke binsa. Kiɗan da bai san wanda ke rerawa ba kuwa, ai ba zai damu ba in an sauya mai rerawar.

Na biyu shi ne zubi. Waɗannan waƙoƙi rubuta su ake yi kafin a rera, saboda haka sun ɗauko tsarin rubutacciyar waƙa, baiti ƙwar biyu ko ƙwar huɗu ko ƙwar biyar, layuka kusan tsawo ɗaya, da amsa-amo a ƙarshen kowane layi, amshi kuma yana komowa a ƙidayayyen wuri. Wanda ya ji baiti biyu ya san inda na uku zai sauka. Wannan yana taimakon hadda ƙwarai, amma yakan tilasta wa mawaƙi ya jawo kalmar da ba ta da aiki, don dai kawai ta ƙare da gaɓar da yake nema.

Na uku shi ne turke. Soyayya ce, amma soyayyar da ba ta da suna, ba ta da gari, ba ta da dangi. Tubalan ginin ba su wuce zuciya da ruhi da hawaye da alkawari da mafarki da furanni ba. Ba mu san sana'ar saurayin ba, ba mu san 'yar gidan wa ce budurwar ba, ba mu san ko damina ce ko rani ba. An ɗinka rigar da faɗi domin ta shiga kowa.

Na huɗu shi ne rabon murya. An riga an yanka wa namiji nasa, an yanka wa mace nata. Ba sai an tara 'yan amshi ba, ba sai an nemo makaɗa ba. Mutum biyu da waya guda sun isa, in ma babu na biyun, mutum ɗaya ya riƙa sirantar da murya yana kauraranta ta.

Gwaji Da Waƙar Gida

Domin mu ga bambancin, ba sai mun yi nisa ba. A nan ƙasar Maiyama, a garin Fagada, aka haifi Alhaji Muhammadu Gambu, wanda duniya ta sani da mai waƙar ɓarayi, ya kuwa rasu a 2016. Ban kawo shi don yabon sata ba, shi kansa ya bar wannan fage kafin rasuwarsa. Na kawo shi ne don fasaharsa. Waƙar Gambu cike take maƙil da sunayen mutane da na garuruwa da kasuwanni, da labarin abin da ya faru a dare kaza, da hirar da aka yi tsakanin wane da wane. Yakan sauya murya a tsakiyar ɗa, ya yi tambaya ya ba kansa amsa, ya yi gudu da magana kamar an biyo shi, sa'an nan ya ja birki daidai inda kalangu ke jiransa. Mutanenmu da yawa sun san waƙoƙinsa, sukan ba da labarin da ke ciki, sukan tsinko magana guda su yi raha da ita a majalisa. Amma a zare muryarsa a ba wani kiɗan a ce ya cike gurbin, wannan kam sai dai a yi dariya. Ba gurbin da za a cike, gama shi kansa ne waƙar.

Haka abin yake ga makaɗan fada na wannan yanki, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani na Yawuri. A wajensu waƙa aikin taro ce. Jagora ya fara ɗa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa masa, wani lokaci su yi ƙari da nasu, sa'an nan duka su komo kan gindin waƙa. Rabon jama'a a ciki shi ne gindin, shi kowa ke riƙewa. Ɗiyan waƙar kuwa na masu ita ne, kuma ba lalle su zo iri ɗaya ba in an sake rera ta gobe, gama wanda ya halarta yau ba shi zai halarta gobe ba.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa Hausawa ba su da waƙar da kowa ke da iko da ita. Suna da ita, ita ce ma mafi tsufa. Waƙar gaɗa ta 'yan mata a dandali ba ta da mai ita, haka waƙar daɓe da ta niƙa da ta reno, da waƙoƙin tashe na watan azumi. Kowa ya tarar da su, kowa ya ara. To, amma dubi yadda aron yake. Yarinyar da ke ba da waƙa a gaɗa ta gaji karin, ta gaji amshin, amma ɗiyan nata ne. A ciki za ta saka sunan saurayinta, ta yi wa abokiyar takararta habaici, ta soki tsohon da ake so a ba ta. In ta gaji wata ta karɓa ta sa nata. Wannan ya sa waƙa guda za ka ji ta a Jega, ka ji ta a Aliero, amshi ɗaya amma ɗiya daban. Matar da ke niƙa ma haka take, karin na kakanni ne, amma kishiyar da ake yi wa zambo tana nan tsakar gida tana ji.

A nan gizo ke saƙa. Nanaye ta aro suna daga dandali, amma ta bar wannan 'yanci a can. Mai bin waƙar fiyano ba shi da inda zai sa sunan kowa. In ya sauya kalma guda abokansa za su ce bai iya ba, kamar dai yadda injin Japan zai rage masa maki. Gwaninta a gaɗa ita ce ki faɗi abin da ba a taɓa faɗa ba a kan karin da kowa ya sani. Gwaninta a mamin ita ce kada ka kauce ko da gaɓa guda. Ta farko tana haifar da mawaƙa. Ta biyu kuwa abin da take koyarwa shi ne biyayya ga kaset.

Batun Harshe

Akwai wata hasara da ta fi shafarmu mu mutanen yamma. Yawancin waɗannan waƙoƙi a Kano da Kaduna ake yin su, da Hausar can. Yaron da a gida zai ce "munka tahi" in ya kama waƙa sai ya ce "muka tafi". Wanda ya tashi yana cewa "wanga" da "ɗiya" da "biyat" da "mi" sai ya koma "wannan" da "'ya" da "biyar" da "me". Ba ni da faɗa da daidaitacciyar Hausa, da ita nake wannan rubutu. Amma in ya zamana duk lokacin da saurayi zai faɗi abin da ke zuciyarsa sai ya aje harshen uwarsa ya ɗauki na wani gari, to, a hankali zai ɗauka cewa nasa na noma ne da cinikin albasa, bai dace da zancen ƙauna ba. Alhali kuwa da wannan karin harshe Narambaɗa ya yi Bakandamiyarsa, da shi Ɗan Anace ya wasa 'yan dambe, da shi Gambu ya riƙe kunnen ƙasar Hausa duka, har Kanawa da Zazzagawa suna kwaikwayon lafazinsa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ji masu magana, amma ga namu suna koyon na maƙwabta.

Daɗin daɗawa, Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Da su muke bambanta gari na mutane da gari na tuwo, da kuka na hawaye da kuka ta miya. Makaɗin gargajiya yakan gina rauji a kan hawa da saukar kalmomin kansu, shi ya sa kalangu ke iya maimaita abin da ya faɗa. Amma in an riga an aro kari daga waƙar wani harshe, dole kalmar Hausa ta lanƙwasa ta shiga, a ja gajeren wasali, a datse dogo, a ɗaga inda ya kamata a sauke. Kunnen da ya saba da haka tun yana ƙarami, yaya za a yi ya ji daɗin waƙar Aƙilu Aliyu ko ta Mu'azu Haɗeja, inda nauyin gaɓa shi ne ginshiƙin ginin?

Abin Yabo

Adalci ne in faɗi alherin waɗannan waƙoƙi, gama ruwa ba ya tsami banza, kuma jama'a ba su rungumi abu don wauta ba. Da fari, sun ba mace baki. A waƙar fada da ta maza ba kasafai mace ke da murya ba, galibi sai dai a ambace ta. A waƙar 'yan bibbiyu kuwa rabi nata ne, tana tambaya, tana ƙi, tana kafa sharaɗi, tana tuhumar namiji da saɓa alkawari, shi kuma dole ya amsa. Na biyu, mu mutane ne masu kunya, akwai maganar da saurayi ba zai iya duban budurwa ya faɗa ba, amma ya iya tura mata waƙa, ita ma ta mayar masa da wata. Rigar aro ce, amma ta fid da shi kunya. Na uku, sun kai Hausa nesa, ana rera su a Nijar da Gana da Kamaru da Sudan, har a bakin waɗanda Hausar ba ta zauna musu ba sosai. Na huɗu, sun buɗe wa ɗimbin matasa hanyar abinci waɗanda ba su gaji kiɗa ba, alhali a da galibi ɗan makaɗi ne ke kiɗa.

Kuma laifin ba na fiyano ba ne. Aminu Ladan Abubakar, watau Ala, da fiyano yake waƙa, da mata masu karɓa masa, amma ya ɗora mata zancen ilmi da mulki da halin talaka, da Hausa mai nauyi. Laifin kuma ba na murya biyu ba ne. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai da kuntiginsa yakan zama miji ya zama mata, ya kawo rigimar gida yadda take, da batun cefane da gulmar maƙwabta, mutane kuwa suka haddace. Ko a Japan ɗin ma akwai abin lura. Wasu 'yan bibbiyu da ake kira Yoasobi, da suka fito a 2019, namijin mai suna Ayase yana tsara kiɗa da kwamfuta, macen mai suna Ikura tana rerawa, ƙa'idarsu ita ce su ɗauko ƙagaggen labari su mai da shi waƙa. Waƙarsu ta farko, "Yoru ni Kakeru", ita ta zo kan gaba a jerin Billboard na Japan na shekarar 2020, kuma duk da saurinta da wuyar rerawarta ta zama cikin waɗanda aka fi nema a ɗakunan karawoke. Wannan ya nuna ba sai an zazzage waƙa ta zama wofi jama'a za su ara ba.

Wani zai ce, ai waƙar nishaɗi ce, me ya kawo wannan dogon bincike? Amsata ita ce gaɗa ma nishaɗi ce, ba wanda ya je dandali don ɗaukar darasi. Amma cikin nishaɗin nan 'yan mata suka koyi sarrafa harshe, suka koyi habaici da zambo da azanci. Abin da yaro ke yi don wasa shi ya fi zama a jikinsa. In wasan ƙirƙira ne zai tashi da ƙirƙira, in na maimaici ne zai tashi da maimaici.

Kammalawa

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, ba na kira a fasa wayoyi ko a koma zamanin da ya wuce. In kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Abin da nake kira shi ne mu karɓi fankon kiɗa mu yi masa aikin gaɗa. Ga shawarwari huɗu.

Mawaƙanmu na zamani, in sun fitar da waƙa, su fitar da wata tare da ita mai kiɗa da amshi kawai, a bar wuraren ɗiya a buɗe, a kuma gaya wa jama'a cewa nasu ake jira, ba na mai waƙar ba.

Ƙungiyoyin Hausa na makarantu su shirya gasa a kan haka. A saki kiɗa, a ba mutum biyu batu nan take, su yi karɓeɓeniya kowa da karin harshen garinsu, alƙalai kuma su ba da maki a kan azanci da dacewar kalma da karin sauti, ba a kan kama da wani ba.

Mu da ke da kakanni a ƙauye mu yi amfani da hutu mu ɗauki waƙoƙin gaɗa da na daɓe da na niƙa daga bakin tsofaffin mata, da izninsu, mu rubuta sunan gari da shekarar da aka ɗauka. Wayar da ke kawo mana waƙar Kano ita ma tana iya ɗaukar ta gida, masu waƙar kuwa kullum raguwa suke yi.

Masu rubuta waƙar mutum biyu su ba masoyan nan nasu gari da sana'a. Ga miji da mata suna gardama ko a sai da albasa da kaka tana arha, ko a aje ta a yi kasadar ruɓewa. Ga wanda zai tafi cin rani Ikko da wadda zai bari da goyo. Ga waɗanda aka ɗaga aurensu saboda ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar da aka dogara da ita a jihar Kebbi. Duk wannan soyayya ce, kuma tana da abin da mutum biyu za su faɗa wa juna wanda ya fi furanni.

In an yi haka, mai aro zai zama yana da hannu a cikin abin da ya ara, karin maganar da muka gada kuma ba zai ƙaryata ba, gama waƙar za ta zama a bakin mai ita take. Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Fili kuma a buɗe yake ga duk mai wani ra'ayi dabam, ya kawo shi a fitowa ta gaba mu ƙaru da juna.